Takardar maganin da ta mutu a aljihuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa ciwon baya da ya kwantar da ni, amma alhamdulillahi yanzu da sauƙi har na koma bakin aiki. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun shi ne wata kunya da na sha a wani famasi a nan Ingila, kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma tun ranar abin yake ta cin raina, ba don abin da aka yi min kaɗai ba, har da abin da ya tuna min game da yadda muke mu'amala da magani a gida.

Kun san aikina a nan kula da tsofaffi ne, ɗaga wannan, juya wancan, sunkuya ka miƙe sau ba adadi. Farkon watan Nuwamba bayana ya riƙe, ciwon yana sauka ta cinya har tafin ƙafa kamar ana ja min jijiya da ƙugiya. Na samu ganin likita a asibitin unguwarmu, irin wanda suke cewa GP, ranar 4 ga wata. Ya duba ni, ya gwada jinina ya ga ya hau, sai ya rubuta min takarda biyu, ɗaya ta maganin hawan jini ɗaya ta tiramol na 'yan kwanaki saboda ciwon. Yawanci yanzu ba ma sa ba ka takarda a hannu, ta kwamfuta suke tura ta kai tsaye zuwa famasin da ka zaɓa, to ni ban zaɓi ko ɗaya ba shi ya sa ya buga min koriyar takardarsu ya miƙo min. Da na fito sai na yi lissafi irin namu. A Ingila kowane magani ɗaya da aka rubuta maka fam 9.90 za ka biya, ko mai tsada ne ko mai araha, biyu ke nan kusan fam 20. Ga shi ina da ragowar maganin hawan jinin da na zo da shi daga gida, ina da diklofinak, maganin ciwon jiki, cike da leda wanda wani ɗan'uwa ya taho min da shi. Sai nace to mene ne na gaggawa, na ninke takardun na sa a aljihun jakata, nace duk ranar da ciwon ya fi ƙarfina na je na karɓa, ai takarda ba ta ruɓewa.

Ashe tana ruɓewa.

Ranar 10 ga Disamba da yamma na dawo daga aiki ko takalmi na kasa cirewa. Na lallaɓa ina dafa bango na tafi famasi ana gab da rufewa, ga sanyi ga yayyafi, ga layi na mutum shida ko bakwai a bayana. Na miƙa takarduna biyu. Matar ta shiga ciki, can sai famasis ɗin, wato ƙwararriyar harhaɗa magani, da kanta ta fito riƙe da leda ɗaya, tace ga na hawan jinin, amma ɗayan ba za ta iya ba ni ba domin takardar ta daina aiki. Nace kamar yaya ta daina aiki, likita ɗaya ne ya rubuta, rana ɗaya, da biro ɗaya ya sa hannu, ta yaya ɗaya za ta yi rai ɗaya ta mutu? Tace takardar magani ta yau da kullum wata 6 take yi daga ranar da aka rubuta, amma magungunan da doka ta sa wa takunkumi irin su tiramol kwana 28 ne kacal, taka kuma yau kwananta 36.

Daga nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa. Wallahi ban san lokacin da halin gida ya taso min ba. Na rage murya nace mata ta taimaka, kwana 8 ne kawai ya wuce, ba wanda zai sani. Tace ba za ta iya ba. Nace to ta ba ni ko ƙwaya huɗu in samu in kwana, gobe na kawo sabuwar takarda. Tace ba za ta iya ba. Sai nace zan biya kuɗin da kaina, ko nawa ne, ko ninki biyu ne. To a nan ne na ga fuskarta ta canza. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, amma kallon da ta yi min ya sauya daga na mai jinya zuwa na wanda ake zargi, kuma na ji layin da ke bayana ya yi tsit. Wani dattijo ya ɗan ja baya da jikarsa. A lokacin na gane yadda suke ganina, baƙo ya zo da daddare yana roƙon tiramol yana cewa zai ninka kuɗi. Ni da ban taɓa ko shan taba ba a rayuwata, ni da nake tsaye da ƙyar saboda na wuni ina ɗaga iyayen wasu, yau ni ake wa kallon ɗan ƙwaya. Hawaye ne kawai bai zubo min ba.

Kuma ban daddara ba fa. Na koma gefe na kira Yayana, kun san likita ne a gida shekara da shekaru. Nace Yaya don Allah ka taimake ni ka rubuta min tiramol yanzu ka turo, ina famasi, bayana zai kashe ni. Bawan Allah ya tashi ya rubuta a takardar asibitinsu ya buga hatimi ya sa hannu ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp, yana ta min sannu. Na koma na nuna mata waya da ƙwarin gwiwata. Ta karanta tsaf, cikin mutunci kuwa, sannan tace abu uku ne. Na farko hoto ba takardar magani ba ne, dole ta zama takarda mai sa hannu da tawada ko kuma ta zo ta tsarinsu na kwamfuta. Na biyu wanda ya rubuta dole ya kasance yana da rajista a Birtaniya, ko a ƙasashen da suka amince da su, wato na Tarayyar Turai da 'yan maƙwabtansu irin su Nowe da Suwizalan, ƙasarmu ba ta ciki. Na uku ko da daga Faransa ko Jamus takardar ta fito, irin wannan maganin ba a ba da shi da takardar waje. Na ji zafin wannan ƙwarai, mutumin da ya yi shekara sama da ashirin yana duba marasa lafiya, ya horar da likitocin da wasunsu yanzu haka suna aiki a asibitocin ƙasar nan, amma sa hannunsa a nan bai kai ya sa a ba ni ƙwaya ɗaya ba.

Na fito na kira wani abokina da muka taso tare, likita ne a wani babban asibiti a nan, yana da rajista da komai. Nace Dakta kai kaɗai ka rage min. Yace mutumina ka yi haƙuri, wallahi ba zan iya ba. Hukumar da ke musu rajista, GMC, ta gargaɗe su kada likita ya rubuta wa kansa ko wanda yake da kusanci da shi magani matuƙar akwai wata hanya, balle maganin da ke da takunkumi, wannan kam sai in rai ne ke gab da salwanta kuma babu wani likitan. Yace in ya yi, lasisinsa zai iya tafiya. Na kashe waya ban ko yi masa sallama ba, sai bayan sati na kira na ba shi haƙuri.

A hanyar komawa gida ina jan ƙafa cikin sanyin nan babu abin da nake tunawa sai mai kemis ɗin layinmu. Ko ƙarfe goma sha biyun dare ka buga masa ƙofa zai tashi, ya san ka ya san mahaifinka, zai maka sannu ya tambayi mutan gida, in ba ka da kuɗi yace kawo gobe. Na yi kewar wannan sosai, na yi kewar a ce min sannu da ciwo da harshena. Amma fa adalci ne in faɗa, matar nan ba ta kore ni haka kawai ba. Kafin in fita ta biyo ni bakin ƙofa ta tambaye ni ko ina jin ƙafar ta mutu, ko fitsari yana ƙwace min ko yana ƙin fita, tace in har akwai ɗaya daga ciki kar in kwana a gida in tafi sashen gaggawa. Ta sayar min da farasitamol mai ɗan kodin kaɗan wanda doka ta yarda su sayar ba takarda, tace kar in wuce kwana 3 ina sha, ta rubuta min 111 a jikin leda, lambar da ake kira in ciwo ya matsa amma bai kai na motar asibiti ba. Ta kuma faɗa min cewa da maganin hawan jini ne ya ƙare min da daddare, doka ta ba ta dama ta ba ni na gaggawa ko babu takarda tunda an taɓa rubuta min, har na kwana 30 in ta ga ya dace, amma tiramol da ire-irensa ba sa cikin wannan rangwamen.

Bari in ɗan yi muku bayanin yadda abin yake, tunda da jikina na koya. Magani a nan kashi uku ne. Akwai wanda za ka ɗauka da hannunka a babban kanti, akwai wanda sai a famasi bayan an yi maka tambayoyi, akwai wanda sai da takarda. Ko farasitamol ɗin ma na kanti ƙwaya 16 ne a kwali, na famasi 32, tun 1998 suka yi wannan dokar saboda masu shan sa da yawa su lalata hanta, kuma in ka ɗauko kwali uku na'urar biyan kuɗin ma ba za ta karɓa ba. Cikin masu takarda kuma akwai na takunkumi, su ne na kwana 28 ɗin, mofin, tiramol wanda aka tsaurara masa a 2014, diyazefam, da firegabalin da gabafentin da suka shiga sahu a 2019. Masu ƙarfi a cikinsu sai mai rubutawa ya rubuta adadin ƙwayoyin da lamba kuma da kalmomi, don kar wani ya mayar da 10 ta zama 100, kuma ana so kar a ba mutum fiye da na kwana 30 a lokaci ɗaya. Har akwai wanda takardarsa kwana 7 take yi, wani maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi, isotiretinoyin, in mace ce da za ta iya ɗaukar ciki, saboda yana nakasa jariri, sai an yi gwajin ciki a rubuta a karɓa cikin satin, in ya wuce a sake gwaji. Wani ɗan'uwa da ke Jamus yace min su a can ko takardar yau da kullum ta inshorar gwamnati kwana 28 take yi, ashe ma na nan masu sauƙi ne.

Washegari kuma ga wata wahalar, ita ce abin da ya fi ba ni haushi a ƙasar nan gaba ɗaya. Ƙarfe takwas daidai ake buɗe layin wayar asibitin unguwa, kai da duk mutanen unguwar kuna kira a daƙiƙa ɗaya. Na kira takwas da minti ɗaya aka ce ni ne na 23 a layi, ina kwance a ƙasa saboda katifa ta gagare ni, waya a kunne, kiɗa yana ta maimaituwa minti arba'in. Da aka ɗauka, mai karɓar waya wadda ba likita ba ce sai ta fara tambayata me ke damuna dalla-dalla, sannan tace likitoci sun cika yau, amma akwai famasis ɗin asibitin da rana. Nace ni likita nake so, jiya famasis ce ta hana ni magani yau kuma ki tura ni wajen wata? Tace wannan tana rubuta magani da kanta. Na yarda ne kawai don ba ni da zaɓi.

To a nan ne na sha mamaki. A ƙasar nan ba likita kaɗai ke rubuta magani ba, amma kuma ba kowa ba. Tun 2006 nas da famasis da suka yi ƙarin karatu na musamman suka ci jarrabawa za su iya duba mutum su rubuta masa magani da sunansu, su ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. Daga baya aka ƙara da masu gwajin ido, a 2013 aka ƙara da masu gashin ƙashi da masu duba ƙafa, a 2018 aka ƙara da ƙwararrun ma'aikatan motar asibiti. Ungozoma ma in ta yi karatun tana rubutawa, likitan haƙori yana rubuta abin da ya shafi aikinsa. Kowa da iyakarsa, mai gwajin ido ba zai rubuta maka maganin suga ba. Kuma ba farar riga ce shaida ba, kowannensu sunansa yana cikin rajistar hukumarsa a intanet, kai ma kana iya shiga ka duba ko an ba shi izinin rubutawa. Nas biyu za su tsaya gefe da gefe kaya iri ɗaya, ɗaya tana da izini ɗaya ba ta da shi, kuma wadda ba ta da shi ko ka yi kuka da jini ba za ta taɓa takardar ba. Tun ƙarshen Janairun 2024 ma famasin unguwa a Ingila suna iya duba ƙananan cututtuka guda 7, irin su ciwon maƙogwaro, ciwon kunnen yara da ciwon fitsari na mata, su ba da magani har da antibayotik in ya kama, ba sai ka je GP ba, amma da ƙa'idojin da aka rubuta musu, kuma sai sun shigar da shi cikin fayil ɗinka.

Matar da na gani ta ba ni minti ashirin cur. Ta buɗe fayil ɗina, ta gwada jinina ya hau fiye da na Nuwamba, sai ta tambaye ni me nake sha a makonni biyar ɗin nan. Na faɗa mata gaskiya, diklofinak safe da dare, wata rana sau uku. Ta ajiye biro. Tace wannan maganin tun 2015 aka daina sayar da ƙwayarsa a nan ba takarda saboda haɗarinsa ga zuciya, yana ƙara hawan jini, yana wahalar da ƙoda, yana cin ciki, kuma ga mai hawan jini kamata bai kamata in yi mako biyar ina zuba shi ba wanda ya sani ba. Ta tura ni gwajin jini a ranar. Sakamakon ya nuna ƙodata ta ɗan ja baya, ba sosai ba alhamdulillahi, kuma da na daina sha aka sake gwaji ta dawo daidai. Ba ta sake rubuta min tiramol ɗin ba ma, tace yadda ciwon ya koma yanzu gashi da motsa jiki za su fi min amfani, ta ba ni wani mai sauƙi na 'yan kwanaki ta haɗa ni da mai gashin ƙashi.

Na yi tunanin wannan sosai ina kwance. Da matar famasin nan ta tausaya min irin tausayin da nake roƙo, ta miƙo min ƙwayoyin a daren, da na sha na samu barci, na ci gaba da diklofinak ɗina, babu wanda zai gwada jinina balle ƙodata sai ranar da ƙafa ta kumbura. Likitan da ya rubuta takardar ranar 4 ga Nuwamba mutumin da ya gani a ranar ya rubuta wa. Wanda ya je famasi bayan kwana 36 jininsa daban ne, ƙodarsa daban, ciwon ma ya sauya. Abin da ranar da ke jikin takardar take nufi ke nan, ni kuma na ɗauke ta kamar rasit.

Yanzu bari in dawo kanmu, kuma ku yi haƙuri zan faɗi mai ɗaci, da ni a ciki tunda kun ji abin da na yi. Mu takardar likita gado muka mayar da ita. An rubuta wa mutum sau ɗaya shekara bakwai da suka wuce, an ninke an sa a jaka, duk ranar da jiki ya motsa a zaro a ba yaro ya je ya sayo. In ta yage a ɗauki hotonta a waya, in wayar ta ɓace a ajiye kwalin. Kuma ba a tsaya nan ba, maƙwabciya tace kanta na juyawa sai a ce ai irin nawa ne, ungo abin da likita ya rubuta min. Wa ya gaya miki irin naki ne? Ke hawan jini ne, ita wataƙila jininta ne ya yi ƙasa, ko suga, ko ciki ne da ita. Ina da Gwaggo da aka rubuta wa maganin ɗigawa a ido na sati biyu saboda ƙaiƙayi, ta ji daɗinsa ta mayar da shi na kullum shekara da shekaru da takardar nan guda, ashe mai sitiroyid ne, irin wanda in aka daɗe ana sawa yake tayar da hawan ido ya kawo yana. Yanzu ido ɗaya sai dai hasken rana take gani da shi. Babu wanda ya cuce ta da gangan, kowa taimako yake ganin yana yi, wanda ya sayo da wanda ya sayar.

Antibayotik kuwa ba a magana. Yaro ya yi gudawa a ɓare kafso ja da yalo a zuba a cokali, mura ta kama ka a sha biyu yau biyu gobe a ajiye sauran sai wani karon. Alexander Fleming da ya gano fenisilin ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan sa ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, kuma ga shi muna gani. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da magani ya daina ci, kuma inda abin ya fi muni a duniya idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, wato mu. Wannan ba labarin wasu ba ne, shi ne jaririn da aka yi wa allura kala uku zazzaɓi bai sauka ba, da mai haihuwar da ɗinkinta ya ƙi warkewa. Na tiramol da kodin kuwa kun fi ni sani, kuna ganin yaran da idonku. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magungunan ba don jinya ba, a shekarar ne kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da na tuna wannan sai na daina jin haushin kallon da matar nan ta yi min, duk da har yanzu yana min ciwo.

Kuma ba wai ba mu da doka ba ne, muna da ita, antibayotik a gida ma a rubuce sai da takarda, mai ƙaramin kemis ma lasisinsa na ƙananan magunguna ne kawai. Na kuma san abin da za ku ce min, kai kana can kana jin daɗi, mu ina muka ga likitan? Gaskiyarku ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai yi tafiyar awa biyu ya wuni a layi don a sabunta masa takarda, ba za ka zarge shi ba in ya tsaya a kemis. Kuma likitocin da ya kamata su duba ku da yawansu suna nan tare da mu, ina haɗuwa da su, ni kaina da nake wannan surutun na baro tsofaffinmu ina kula da na wasu. Amma shi ya sa tsarin nan na ba nas da famasis izini ya tsaya min a rai. Su ma a nan ba likitocin ne suka ishe su ba, ƙarancin ne ya sa suka ce to a horar da waɗanda ke kusa da jama'a, a yi musu jarrabawa, a sa sunansu a rajista, a gaya musu iyakarsu, in sun yi kuskure a san wanda za a kama. Mu kuma kowa yana rubutawa kuma babu wanda ya rubuta, mai shara a asibiti ma in ya daɗe sai a fara ce masa Dakta, ranar da abu ya ɓaci a ce kwana ne ya ƙare.

Ba komai ne a nan ya burge ni ba. Kuɗin nan na fam 9.90 a Ingila kaɗai ake biya, Sikotilan da Wales da Ayalan ta Arewa kyauta ne, ƙasa ɗaya amma doka daban. A Ingilar ma yara 'yan ƙasa da 16 da masu shekara 60 zuwa sama da masu ciki ba sa biya, mai ciwon suga da ke shan magani da mai farfaɗiya da mai kansa ba sa biya, amma mai hawan jini yana biya, mai asma yana biya, har mai sikila yana biya in ba wani dalilin ya fitar da shi ba, wannan kam ban ga adalci a ciki ba ko kaɗan. Akwai katin shekara na fam 114.50 da ke ɗauke maka komai in magungunanka suna da yawa, amma babu wanda ya gaya min sai da na ji a bakin wata abokiyar aiki. Maganin hawan jinin nawa yanzu sun sa shi a tsarin maimaitawa, ina nema ta manhajar NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, a waya in je in karɓa, amma shi ma ba har abada ba ne, akwai ranar dubawa a jikinsa, in ta zo ban je an gwada jinina ba sai su tsayar. Duk mai shirin tahowa kuma, in kana kan magani ka taho da wasiƙar likitanka da kwalayen asali masu suna, musamman in mai takunkumi ne, kar ya wuce na wata uku, kuma ka yi rajista da GP a satin farko tun kafin na hannunka ya ƙare, kar ka yi irin tawa.

Jiya na kira Umma nace Umma don Allah ki sa a ɗauko min takardar da ake sayo miki maganin hawan jini da ita a ɗauki hoto in gani. Tace me za ka yi da ita, ai maganin yana min aiki. Na lallaɓa ta har ta sa Auta ya turo. Takardar ta yi laushi saboda ninki, rubutun ya kusa gogewa, amma ranar tana nan a sama, watan Maris 2017. Na tambaye ta yaushe rabon da a gwada jininta tace tun rasuwar Baba. Na tura wa Auta kuɗin mota da na gwajin ƙoda nace ranar Litinin da sassafe ya kai ta, in ya so ya fasa zuwa makaranta ranar, na kuma kira Yaya na gaya masa ya bi bayan maganar tunda shi ma bai san takardar ta kai haka ba. Umma tace za ta je, amma kar likitan ya canza mata ƙaramin farin, shi ne yake sa ta barci.